Sofbol ɗin manya: shawara ga sabon zuwa Amurka da Kanada

Daga watan Afrilu, da zarar sanyi ya ja da baya, filayen unguwanni kan cika da yamma. Magidanta ne da matan aure, direbobin bas, ma'aikatan asibiti, magina, wasu har da furfura, sun taso daga aiki sun zo buga sofbol na jifa a hankali, wanda za ka ga an rubuta "slow-pitch" a takardun sanarwa. Ɗan'uwa, ina ba ka shawara ka shiga. Zama da 'yan gida akwai daɗi, amma labarin inda ake ɗaukar ma'aikata da makaniken da ba ya cutar mutane, a bakin irin wannan fili na fi jinsa.

Wasan ƙanen besbol ne. A Shikago aka fara shi a 1887, kuma har yau mutanen garin suna da nasu salon na babbar ƙwallo mai kewayen inci 16 da ake cafewa da hannu tsirara. A sauran wurare ƙwallon maza inci 12 ce, da safar hannu ta fata ake tare ta. Tauri gare ta sosai, kada ka tare ta da yatsu. Mai jifa yakan lulo ta daga ƙasa, ta yi sama kamar baka, ta sauko a gabanka a hankali, don haka wanda bai taɓa riƙe sandar ba ma yakan same ta a ranar farko. Ka buga, ka ajiye sanda, ka ruga tasha ta farko a hannun dama. Wanda ya zaga tasha uku ya dawo gida, wato inda ya tsaya ya buga, ya ci maki ɗaya. Ƙungiyar da ke tare ƙwallo mutum 10 take sawa a fili, zagaye 7 ake yi, a kowanne ƙungiyoyin biyu su karɓi bugu bi da bi, kuma yawancin garuruwa na tsayar da wasa idan an kusa awa guda.

Ba sai kana da ƙungiya ba. Ka nemi ofishin Parks and Recreation na garinku, mai kula da filaye da wasanni, ka sa sunanka a jerin marasa ƙungiya, masu neman cikon mutum za su kira ka. Ka zaɓi rukuni mafi ƙasa, ka gaya wa kyaftin gaskiya cewa sabo ne kai. Safar hannu kaɗai za ka saya, ta gwanjo ma ta isa, sai takalmi mai haƙoran roba, domin yawanci an hana na ƙarfe. Kada ka yi gaggawar sayen sanda: tana da tsada, kuma sai mai hatimin hukumar gasar, USA Softball ko USSSA, alƙali zai yarda da ita. Ka ari ta abokai.

Gasar ƙarshen mako ita ce mai cin jiki. Akan fara tun safiyar Asabar, kuma a tsarin da aka fi bi sai an doke ku sau biyu za ku fita, har ka buga wasa huɗu ko biyar a yini ɗaya cikin rana. Ka tafi da ruwa mai yawa, da abincinka, da darduma. Tsakanin wasa da wasa akwai sararin Azahar da La'asar, kuma idan ka faɗa wa kyaftin tun farko, zai tsara da kai.

Abu biyu gara ka ji su daga bakina. Giya na cikin al'adar wasan, wasu ƙungiyoyin ma mashaya ce ke biya musu kuɗin rajista, sunanta a rigarsu. Ka tambaya kafin ka karɓi riga. Idan an miƙo maka gwangwani, "ba na sha, na gode" ta wadatar, ka zauna a yi hira da lemonka. Na biyu, akwai rukunin da maza da mata ke wasa tare, akwai na maza zalla da na mata zalla. 'Yar'uwa, ke ma kina da wuri, kuma dogon wando da ɗankwali ba sa hana gudu.

Kafin wasan farko za a sa ka sa hannu a takardar cewa raunin da ka ji naka ne. Asibiti a Amurka tsada gare shi, ka tabbata inshorar lafiyarka tana aiki. Rajistar wasannin bazara kan buɗe tun Fabrairu ko Maris. Wanda ya makara, garuruwa da yawa na buɗe wata a Agusta don wasannin kaka.