Yadda Ake Girka Home Assistant OS a Cikin Kwamfutar Kwaikwayo

Wanda yake son ya haɗa fitilu da makunnan wuta da na'urorin auna zafi na gidansa a ƙarƙashin manhaja guda ba sai ya sayi sabuwar na'ura ba. Idan akwai kwamfutar da ke kunne dare da rana, ana iya gutsure wani ɓangare na ƙarfinta a mayar da shi kwamfuta ta biyu, wato ta kwaikwayo, sannan a girka Home Assistant OS, wato tsarin da ke ɗauke da wannan manhaja ta sarrafa na'urorin gida, a cikinta. Za mu bi ta VirtualBox ne, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfutar kwaikwayo, domin kyauta ake samunta kuma tana aiki a Windows da Linux.

Da farko a shiga BIOS, wato saitunan da ake shiga yayin da kwamfuta ke tashi, a tabbata an kunna saitin da ke ba da damar kwaikwayo: VT-x idan injin Intel ne, ko AMD-V idan na AMD ne. Daga nan a sauko da fayil mai ƙarewa da .vdi daga shafin Home Assistant, a warware shi daga matsewar da ya zo a ciki. Abin lura shi ne, wannan fayil ba faifan girkawa ba ne irin wanda aka saba da shi. Rumbun ajiya ne da aka riga aka shirya tsaf, don haka wajen ƙirƙirar sabuwar kwamfutar kwaikwayo, idan VirtualBox ta tambayi rumbun da za a yi amfani da shi, sai a nuna mata wannan fayil ɗin, kada a ƙirƙiri sabo. A zaɓi Linux mai bit 64, a ba ta aƙalla gigabait 2 na RAM da ƙwaƙwalwar sarrafawa 2.

Saituna biyu ne suka fi ba sabon shiga wahala. Na farko shi ne EFI, hanyar da tsarin ke bi wajen tashi, wanda ake kunnawa a saitunan VirtualBox: in ba a sa masa alama ba, tsarin ba zai tashi ba sam, mutum zai yi ta zuba wa baƙin allo ido yana zaton fayil ɗin ne ya lalace, alhali wani ɗan akwati kawai ya tsallake. Na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. VirtualBox takan sa sadarwa a kan NAT, wanda ke ɓoye kwamfutar kwaikwayon a bayan uwar ɗakinta, ta yadda za ta samu intanet amma ba za ta gano fitila ko talabijin ɗin da ke gidan da kanta ba, wayar hannu ma ba za ta same ta ba. Dole ne a sauya zuwa Bridged Adapter domin ta karɓi adireshin IP nata daga rauta kamar kowace na'ura. A ganina gara a jona uwar kwamfutar da igiyar sadarwa, saboda wannan haɗi yakan yi gardama a kan Wi-Fi.

Bayan an kunna, rubutu zai yi ta gudu a allo har ya tsaya a kan adireshin. A buɗe burauza a uwar kwamfutar ko a waya a rubuta homeassistant.local:8123, in bai buɗe ba a sa lambar IP ɗin a maimakon sunan. Shirin farko yana iya cin minti 20 yana sauko da sauran manhajar, kuma ko da mutum ya ƙosa, kada ya kashe shi a tsakiya.

Mai amfani da sandar Zigbee ko Z-Wave, wato 'yar na'urar USB da ke magana da fitilu da makunnai ba tare da igiya ba, zai ƙara ta a sashen USB na saitunan, domin kwamfutar kwaikwayon ta riƙa karɓarta duk lokacin da ta tashi. A kuma hana uwar kwamfutar yin barci, domin da zarar ta yi barci, fitilar da aka tsara ta kunnu da magariba ba za ta kunnu ba. A ƙarshe a shiga rauta a kafe adireshin IP ɗin, kada ya sauya bayan an ɗauke wuta.