Kurakuran da ake yi wajen kallon tsofaffin finafinan waƙa da barkwanci

Tsofaffin finafinan rawa da waƙa na Amurka, waɗanda aka yi tsakanin 1930 da 1960, yanzu suna yawo a intanet. Kiɗa da daɗi, rawa kuwa ba a magana. Sai dai akwai wuraren da mai kallo ke yawan zamewa.

Wanda aka fi yi shi ne a ce "ai wasa ne kawai". A fim ɗin Road to Zanzibar na 1941, 'yan wasa Bing Crosby da Bob Hope sun faɗa wata Afirka da babu komai cikinta sai daji da masu cin naman mutum. Shekara na zagayowa aka yi Road to Morocco, inda Larabawa suka zama masu cinikin bayi da satar mata, wanda ya fito a matsayin shugabansu kuma Anthony Quinn ne, haifaffen Meziko. Duka biyun a Amurka aka ɗauke su. Wanda bai taɓa taka Zanzibar ba, wannan hoton zai riƙe, kuma da yake cikin raha ya shige shi, ba zai yi masa gardama ba. Maganin abin, duk inda dariya ta kama ka, ka duba wa ake yi wa ita, su wa kuma aka tara su yi.

Wasu kuma in sun ga Bature ya shafe fuska da baƙi, ya zana leɓe fari ƙato, sai su ɗauka kwalliyar wasa ce. Abin yana da asali. Tun wajen 1830 Turawan Amurka ke hawa dandamali da irin wannan shiga suna kwaikwayon bayi, kuma sunan ɗaya daga cikin waɗannan wawaye, Jim Crow, shi aka laƙaba wa dokokin wariyar launin fata daga baya. Crosby ya yi wannan shafe-shafe a Holiday Inn na 1942, wai don girmama Shugaba Lincoln da ya 'yanta bayi. Abin takaici ke nan. Wasu gidajen talabijin kan yanke wurin kafin su nuna fim ɗin, ni kuwa a ganina wannan ma kuskure ne, rufe tukunya ne a kan ruɓaɓɓen nama. Gara a nuna, a yi bayani.

Yankan ma ba sabo ba ne, da can baƙaƙen ake yankewa. Kamfanin MGM yakan sa Lena Horne, mawaƙiya baƙar fata, ta fito ta rera waƙa ita kaɗai, ba ta da ruwa da labarin, don gidajen sinima na kudancin Amurka su cire ta ba tare da an lura ba. Saboda haka mai kallo ya riƙa lura da wanda ba ya nan, da wanda aka bari a bakin ƙofa riƙe da tire.

Sai batun siyasa, inda ake zaton fim ɗin rawa ba ruwansa da gwamnati. Carmen Miranda, mawaƙiya daga Brazil mai ɗaurin kai cike da ayaba, tauraruwarta ta haska daga 1940, lokacin da gwamnatin Roosevelt ke zawarcin ƙasashen Latin Amurka kada su karkata ga Jamus. A Silk Stockings na 1957 kuwa, jami'ar Tarayyar Sobiyet mai ɗaure fuska ce ta je Faris, ta ga siliki, gurguzu ya bi ruwa. Kada kuma a ɗora wa Amurka ita kaɗai. A 1936 Grigori Aleksandrov ya yi fim ɗin waƙa a Mosko kan wata Ba'amurkiya da ta gudo da ɗanta baƙi, Sobiyet ta rungume su. Wariyar da ya tona gaskiya ce, amma a shekarar shugaban Sobiyet, Stalin, ya fara gurfanar da manyan jam'iyyarsa ana harbe su. Kafin ka kunna fim, duba shekararsa, ka tambayi abin da ƙasar ke ciki a lokacin.

Kada kuma a koyi tarihi a nan. Sarkin Siyam da Yul Brynner ya fito a matsayinsa a The King and I na 1956, mai tsawa da taurin kai, Mongkut ne. Mutumin ya yi shekara 27 a zaman ibada da karatu kafin ya hau gadon sarauta a 1851, ya iya Ingilishi, ya kuma san ilmin taurari. Thailand, wato Siyam ta da, ta haramta nuna fim ɗin.