Yadda Mai Bi Zai Riƙe Aikin Shaida a Maradi, Daga Ƙuruciya Har Furfura

Ba rana ɗaya mai bin Almasihu yake daina shaida, wato gaya wa wasu bishara, ba. Ana fitowa daga taron farkawa da zuciya mai zafi, sati biyu ana ta ƙwazo, sai damina ta faɗi a koma gona, ko biki ya taso, ko yaro ya kwanta ciwo. Kafin a ankara shekara ta zagayo, mutum bai zauna da kowa a kan maganar Almasihu ba. Galibi ba rashin bangaskiya ba ne. Niyyar ce ba ta da suna, ba ta da rana, kuma babu mai tambayar inda aka kwana. Waɗannan uku su ne za a gyara, ko mutum yana da shekara 15 ko 75.

A fara da sunaye. Samu ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan lakwal, ka rubuta mutum uku kawai, waɗanda ka riga kana cuɗanya da su: maƙwabci, abokin rumfa a babbar kasuwa, ɗan kabu-kabun da ya saba ɗaukarka. Uku, ba goma ba. Wanda ya rubuta goma yakan bar su duka kafin wata ya ƙare, domin ba zai iya zuwa sunan kowa da ta'aziyyar kowa ba. Kowane mutum shafi guda: abin da ke damunsa, ranar da kuka gana, tambayar da ya yi, da abin da ka yi alkawari. Kada a rubuta cikakken suna ko lambar waya. Harafi ɗaya ya isa, domin littafi yana iya faɗawa hannun wani. Addu'a a kan sunayen nan kowace safiya, minti biyar, kafin a taɓa salula.

Sai rana. Ziyara ɗaya a mako, a tsayayyen lokaci. A Maradi lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan la'asar, a tashi kafin magariba, ko bayan isha'i ga maza masu zaman fada. In aka kira salla, kai ne za ka fara yanke magana ka ce, “Malam, je ka yi salla, ina nan.” Wanda ya riƙe mutum da hira har salla ta wuce shi ya ɓata abin da ya gina. Ranar Juma'a da tsakar rana ba lokacin ziyara ba ne. Cikin azumi ma a rage doguwar magana da rana, a kai ƙanƙara ko sukari da yamma, a yi barka da shan ruwa. Da damina, in mutuminka ya tare a ƙauye, ziyarar ta koma gona, ka je da hauyarka.

Na uku, mai tambaya. Mutum ɗaya a cikin ikkilisiya, namiji ga namiji, mace ga mace, wanda za ku tsaya minti goma bayan sujada ranar Lahadi. Tambaya biyu ce kawai: wa ka ziyarta, kuma me ka alkawarta ba ka cika ba? Ba lalle sai fasto ba. Fasto ɗaya ba zai iya bin mutum hamsin ba.

A nan ya kamata a daɗe kaɗan, domin wurin magana ne aka fi yin ɓarna. 1 Bitrus 3:15 ta haɗa abu biyu: a zauna da shirin ba da amsa, a kuma ba da ita da tawali'u da ladabi. Amsa tana zuwa bayan tambaya. Saboda haka ziyarar farko da ta biyu, har ta biyar ma, gaisuwa ce da sauraro. Ƙofar da ta fi buɗuwa ita ce addu'a a kan damuwa: “Alhaji, na ji jikin yaro ya ƙi. Ka yarda in roƙa masa Allah da sunan Yesu Almasihu?” In ya ce a'a, a ce to, Allah ya ba shi lafiya, a ci gaba da zumunci kamar da. In ya nemi jin ƙari, a fara da labaran da ya riga ya san sunayen masu su: Ibrahim, Yusufu a littafin Farawa sura 37 zuwa 50, Musa, Dawuda. Bayan haka Bisharar Luka, sura 24 ce, sura guda a mako ta kai ku kusan wata shida. Markus sura 16, ga mai son gajere. Bayan kowane karatu tambaya ɗaya ta isa: me wannan ya nuna mana game da Allah? Ka bar shi ya yi magana fiye da kai.

Abin da ke rushe zama shi ne gardama. Da an ambaci “Ɗan Allah”, mai sauraro Musulmi yakan ji kamar ana cewa Allah ya yi aure ya haihu, abin da Kirista ma bai yarda da shi ba. Faɗi haka a fili, ka nuna masa Luka 1:35, ka tsaya nan. Ba a gama wannan magana a zama ɗaya. Kada ka kushe Annabinsa ko littafinsa, ko da wasa, ko da an tsokane ka. Banda rashin ladabi, akwai haɗari ga jama'a duka. Mutanen nan ba su manta da majami'un da aka ƙone a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 ba, da wadda aka ƙone a nan Maradi a Yunin 2019. Kalma ɗaya ta ganganci a fada ko a WhatsApp tana iya jawo wa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. In an yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce za ka bincika, ka rubuta ta, ka dawo da amsa mako mai zuwa.

Kuskure na biyu shi ne haɗa kyauta da wa'azi. Lokacin da rumbu ya yi ƙasa, daga Yuni zuwa Agusta, taimakon hatsi abu ne mai kyau, amma tiyar gero da aka bayar da sharaɗin zuwa majami'a ciniki ce. Mutum zai zo don cikinsa, ya tafi in kaka ta yi, unguwa kuma ta ce Kirista sayen mutane suke yi. A ba mabukaci don bukatarsa, a wata rana dabam da ranar karatu. Asibitin Galmi tun 1950 da na kutare a Danja ba sa tambayar addinin majiyyaci kafin su duba shi, kuma wannan ne ya sa sunansu ya zauna a bakin mutane.

Shekaru suna canza yadda ake aikin. Matashi yana da ƙafa da waya, amma ba shi da nauyin baki a gaban manya. Fagensa tsaransa ne, a lakwal, a wurin koyon sana'a, a zaman shayi. Ya guji ɗaukar hoton wanda ke karatu tare da shi, ya guji turawa mutum saƙon wa'azi ba tare da ya nema ba. Saurayi ba ya yi wa budurwa bishara a keɓe, ko wa ya gani zance zai ce. Yaran maƙwabta kuma ba a koya musu komai sai da sanin iyayensu.

Magidanci da uwar gida lokaci ne ya yi musu kaɗan, don haka kada su ƙirƙiro sabon shiri; su yi amfani da inda dole za su je: suna, biki, ta'aziyya, dubiya. Mata sun fi maza dama a nan, domin suna shiga gidajen da namiji baƙo ba ya wuce zaure. Zumuntar mata ta ikkilisiya tana iya raba unguwanni, Zariya, Sabon Gari, Ali Ɗan Sofo, mata biyu-biyu, kuma a nemi iznin mai gida kafin a mayar da ziyara ta kullum.

Tsofaffi su ne suka fi saurin cewa sun gama nasu, alhali a ƙasar Hausa furfura ce ake saurare. A littafin Joshuwa, Kalibu yana da shekara 85 ya nemi rabonsa na ƙasar tuddai, Zabura 71:18 kuma roƙon mai furfura ne da ke son ya sanar da na baya ikon Allah. Dattijo ba sai ya yi yawo ba. Tabarma a ƙofar gida a lokaci ɗaya kullum ta isa, mutane za su zo da kansu, da rigimar gado, da maganar aure, da neman shawara. In ido ya raunana, jika ya karanta masa, ko a sa masa Littafi Mai Tsarki na sauti a katin waya. Tun 1932 akwai cikakkensa da Hausa, amma da yawa a Nijar sun yi lakwal da Faransanci, karatun Hausa na boko yana yi musu nauyi, sauraro ya fi musu sauƙi. Dattijo ya rage sunayensa zuwa biyu, ya ƙara matashi ɗaya da zai riƙa zama kusa da shi yana ganin yadda ake amsa tambaya, kamar yadda 2 Timoti 2:2 ta tsara.

Duk wata uku a buɗe littafin tare da mai tambaya. Wanda ya nuna ba ya son maganar, a daina kawo ta, a bar zumunci da addu'a. Wanda ya ce yana son bin Almasihu, kada a gaggauta kai shi gaban jama'a ko a sanar a taro. Yana iya rasa mata, gado, ko wurin kwana. A sanar da fasto da dattijo ɗaya kawai, a zauna da shi a lissafa inda zai kwana da abin da zai ci in gida ya ƙi shi, a bar shi ya zaɓi ranar da zai gaya wa iyayensa da bakinsa.