Kurakuran da muke tafkawa wajen koya wa yara lissafi, da yadda za a gyara su

Da zarar yaro ya faɗi jarabawar lissafi sai ka ji an ce ai shi dama kansa ba ya ja, shikenan an yanke masa hukunci, ba wanda zai ɗauko takardar ya zauna ya duba wai ma ya aka yi ya samo wannan amsar. Alhali mafi yawan amsoshin da muke sa wa jan biro ba shirme ba ne, akwai tunani a bayansu, kawai dai tunanin ne ya bi ta wata hanya, kuma sau tari mu manya ne muka nuna masa hanyar ba mu sani ba. Malamai da iyaye duk maganar ta shafe mu.

Abun yana farawa tun daga ajin reno. Yaro ɗan shekara huɗu zai rero maka ɗaya biyu uku har hamsin ba gargada, kowa na ta tafi ana cewa masha Allah ya iya ƙirga, to dan Allah zuba masa murfin kwalba guda bakwai ka ce ya ƙirga ka gani. Wani zai taɓa ɗaya sau biyu, wani bakinsa ya riga yatsansa gudu, wani kuma zai ƙirga daidai har bakwai amma kana cewa "to guda nawa ne?" sai ya sake komawa farko, don bai san cewa lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce yawan kayan gaba ɗaya ba. Wancan na farkon waƙa ce ya haddace, ƙirga daban. Masu bincike Gelman da Gallistel sun fayyace wannan tun 1978, cewa sai yaro ya ba kowane abu lamba ɗaya tak, ya bi jerin lambobin ba tsallake, ya gane ta ƙarshe ita ce jimilla, sannan ya yarda cewa ko ta dama ya faro ko ta hagu bakwai ɗin dai bakwai ce. Gyaran ba wani tsada gare shi ba, a rage rera lambobi a iska, a ba su abu a hannu suna turawa gefe ɗaya bayan ɗaya, kuma a dinga juya tambayar, maimakon "nawa ne nan?" ka ce "miƙo min guda biyar daga cikin tulin nan", nan ne zaka ga wanda ya gane da wanda zai damƙo maka cike da hannu. In ya ba ka biyar ɗin, baza su da faɗi ka sake tambaya, yara da yawa za su ce sun ƙaru, abun da Piaget, masanin tunanin yara, ya daɗe da lura da shi kenan. Kar ka yi faɗa, ka ce ya sake ƙirgawa ya gani da idonsa.

Wasa ma ba ɓata lokaci ba ne a wannan shekarun. Siegler da Ramani a Amurka sun gwada wani ɗan wasa mai gidaje 1 zuwa 10 a jere, yaro na matsar da ɗansa yana faɗin lambar gidan da ya taka, kimanin awa ɗaya jimilla suka yi ana wasan amma aka ga bambanci a yadda yaran ke gane wace lamba ta fi wata. Kwali da biro sun isa a zana irinsa.

Sai gaggawar zuwa allo. Mun fi son mu ga yaro na rubuta 6 + 3 = 9 tun bai taɓa haɗa shida da uku a hannunsa ba, saboda rubutu ne ake iya nuna wa iyaye da mai duba makaranta. Masanin ilimi Jerome Bruner a shekarun 1960 ya kawo tsarin a fara da abun taɓawa, sai zane, sai alamar lamba, Singafo ta ɗauki wannan ta gina manhajarta a kai tun shekarun 1980 kuma har yau ɗalibanta na sahun gaba a gwaje-gwajen lissafi na duniya. Amma fa akwai kuskure a ɗaya ɓangaren ma, wasu malaman za su zube wa yara tsinke da tsakuwa a yi ta wasa har a buga ƙararrawa ba a taɓa haɗa abun da rubutu ba, gobe a zo allo kamar wani sabon darasi. Tare ake yinsu, yana ɗaure tsinke goma da roba kana rubuta 1 a gidan goma a gabansa, kuma in ya gane a janye tsinken, ba a so ya kai aji biyar yana neman tsakuwa kafin ya haɗa 8 da 5.

Yanzu ga wanda ya fi ci min tuwo a ƙwarya, ɗebewa mai aro. Ba wa yaro 52 − 38 sai ya rubuta maka 26. Malam ya ja layi ya sa sifili ya wuce, wani ma har da bulala. Tsaya ka duba mana, a gidan ɗaya-ɗaya ya ga 2 da 8, an taɓa gaya masa ba a cire babba daga ƙarami, sai ya juya ya cire 2 daga 8 ya samu 6, ya cire 3 daga 5 ya samu 2, wallahi doka ya bi, dokar da muka ba shi. Kuma zai yi ta maimaita wannan a duk tambayar da ta zo da haka, ka ba shi guda ashirin na aikin gida ya ɓata ashirin ɗin iri ɗaya, ƙarshe ma kuskuren ya ƙara zama daram a kansa. Abun da zai warware shi shine ɗauri biyar na tsinke goma-goma da tsinke biyu a kan tebur, ka ce ya cire takwas, zai ga biyu ba za su isa ba dole ya kwance ɗauri ɗaya, sai ya zama ɗauri huɗu da tsinke sha biyu, to aron kenan da muke ta faɗa ba tare da mun nuna daga ina aka aro ba. Sannan ka koya masa duba kansa, in 26 ce amsar to 26 da 38 su ba mu 52 mana, ya haɗa ya ga 64, shi da kansa zai ce a'a malam akwai matsala. Amsar 14 ce, ko ta ƙirgawa sama ma zai same ta, daga 38 zuwa 40 biyu, zuwa 52 sha biyu.

Irin waɗannan gajerun dokokin da muke bayarwa don a wuce wurin da sauri suna da yawa kuma duk suna dawowa su cije mu. "In za ka yi sau 10 ƙara sifili kawai", sai ranar da aka zo 2.5 sau 10 ya rubuta 2.50. "Sau kullum ƙara yawa yake", sai ga 8 sau rabi ya ba da 4. Ita kanta "ba a cire babba daga ƙarami" ɗin za ta rushe ranar da aka fara lambobin ƙasa da sifili. In dai doka za ta mutu nan da aji biyu gara kar a faɗe ta.

Alamar = ma haka. Robert Recorde ne ya ƙirƙiro ta a 1557, layi biyu masu tsawo ɗaya, don nuna cewa abun da ke dama da na hagu daidai suke. Amma yaranmu sun ɗauka ma'anarta "rubuta amsa a nan", saboda kullum a haka suke ganinta. Gwada wannan gobe a ajinka, 8 + 4 = __ + 5. Masu bincike a Amurka sun gwada a firamare, akasarin yaran sun sa 12 ne ko 17, 'yan kaɗan ne suka sa 7. Yaron da ya tafi sakandare da wannan fahimtar shine zai zo aljabra ya rikice gaba ɗaya. Dinga juya musu rubutun, 9 = 6 + 3, ko 7 = 7, ko 5 + 2 = 3 + 4 ka tambaya gaskiya ne ko ƙarya.

Kan jadawalin sau kuwa ni ban yarda da masu cewa a daina hadda ba sam, yaron da sai ya zana sanduna kafin ya san 6 sau 7 zai gaji tun kafin ya kai ga ainihin tambayar. Matsalar ita ce haddar da ba ta da madafa, wadda in ka tambaye shi 7 sau 8 sai ya faro daga 7 sau 1 da waƙa. Nuna masa 5 sau 8 arba'in, 2 sau 8 sha shida, a haɗa 56. Nuna masa 9 sau 6 shine 60 a cire 6. Kuma ranar da ya jera tsakuwa layi 3 na huɗu-huɗu ya juya su ya ga sun koma layi 4 na uku-uku, abubuwa 100 da zai haddace daga 1 zuwa 10 sun dawo 55.

Firakshin, wato lambobi irin su rabi da sulusi, ne maƙabartar ɗalibai da yawa. Rabi a tara da ɗaya bisa uku, yaro ya haɗa sama da sama ƙasa da ƙasa ya kawo 2/5, kuma bai ji komai ba, alhali 2/5 ko rabin da ya fara da shi bai kai ba, ya za a yi ka ƙara abu a kan rabi ya ragu? A wani gwajin ƙasa da aka yi a Amurka ƙarshen shekarun 1970 an ce 'yan shekara 13 su kintaci 12/13 + 7/8, kashi 24 cikin 100 ne kacal suka zaɓi 2, fiye da rabi 19 ko 21 suka zaɓa. Wato ba sa kallon 7/8 a matsayin lamba ɗaya da ta kusa kai 1, lambobi biyu suke gani an ɗora ɗaya kan ɗaya. Kafin a koyar da wata dabarar daidaita lambobin ƙasa, a ja dogon layi daga 0 zuwa 1 a ƙasan aji ko a allo, kowa ya zo ya nuna inda 1/2 da 1/3 da 7/8 suke zaune, a naɗe takarda gida shida a ga rabi gida uku ne sulusi gida biyu, 5/6 ta fito da kanta. Layin nan dai shine maganin masu cewa 0.25 ta fi 0.3 don 25 ta fi 3.

Tambayoyin labari kuma mun lalata su da "in ka ga kalmar ƙari to tarawa ce, in ka ga saura ɗebewa ce". To ga wannan, an ba yaro ƙarin fensir 3 yanzu yana da 8, da nawa ya fara? Mai farautar kalma zai ce 11. A Faransa wajen 1980 masu bincike a Grenoble sun tambayi yaran firamare cewa jirgin ruwa na ɗauke da tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin nawa, mafi yawansu suka ba da amsa, da yawa suka ce 36. Ba wauta ba ce, mun saba musu ne cewa duk inda lamba biyu suka haɗu dole a yi musu wani abu. Rufe lambobin tukunna, ka ce su ba ka labarin da bakinsu, da yaren da suka fi ji in na makarantar bai zauna musu ba, su zana shi, sannan a yi maganar tarawa ko ɗebewa.

Akwai kuma halinmu mu kanmu a gaban aji. Mary Budd Rowe ta auna a shekarun 1970 ta ga malami in ya yi tambaya kusan daƙiƙa ɗaya yake jira kafin ya amsa da kansa ko ya nuna wani, da aka ja jiran zuwa daƙiƙa uku sai amsoshi suka ƙara tsawo kuma waɗanda ba sa magana suka fara. Yara uku na gaba masu ɗaga hannu ba su ne ajin ba, kuma "kun gane?" "eeeh malam!" ba ta taɓa nuna komai ba. A ba kowa ɗan allo ko takarda ya rubuta amsa a ɗaga lokaci ɗaya, cikin minti ɗaya ka san su waye suka sa 26. Sannan ka tambayi "ya aka yi ka samu?" ga wanda ya ci da wanda ya faɗi duka, don in masu kuskure kaɗai ake tambaya, yaro na jin tambayar zai goge amsarsa ko da daidai ce.

Iyaye ku ma dan Allah a daina "ni ma ban iya lissafi ba, gado ne" a gaban yara, musamman 'yan mata. Binciken Sian Beilock a Jami'ar Chicago a 2010 ya nuna inda malama ke fargabar lissafi, zuwa ƙarshen shekara 'yan matan ajinta sun fi karkata ga yarda cewa lissafi na maza ne, kuma makin waɗanda suka yarda ɗin ya yi ƙasa.

Na ƙarshe shine bin manhaja ido rufe, wai dole a gama kafin ƙarshen zango ko da rabin ajin ba su iya ɗebewa ba ana koya musu rabawa mai tsawo. Ƙungiyar Pratham a Indiya ta fito da tsarin koyar da yaro daga inda ya tsaya, a yi masa ɗan gwaji na baka na 'yan mintuna, a raba yara rukuni bisa abun da suka iya ba bisa shekaru ko aji ba, a ware wani lokaci kullum ana aiki da su a haka, wanda ya ƙware ya matsa rukuni na gaba. Banerjee da Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019 tare da Kremer, suna cikin waɗanda suka gwada tsarin aka ga yana aiki. Ko makarantarku ba ta shirya yin haka ba kai kana iya ɗaukar minti goma na farkon darasi, tambaya huɗu kawai, ɗaya daga na jiya, ɗaya daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya, ɗaya daga ajin baya, kuma waɗanda suka faɗi ta ajin bayan nan su zaka zauna da su da ɗaurin tsinke yayin da sauran ke aikin littafi.