In an ɗauke wuta kana tsakiyar sabunta Ubuntu

Salamu alaikum 'yan'uwa. Wannan na masu Ubuntu da Linux Mint ne, musamman ɗalibanmu na Samaru da Kongo a Zariya da batirin kwamfutarsu ya riga ya mutu. In aka ɗauke wuta kuna tsakiyar sabunta manhajoji, kada ku yi gaggawar goge komai ku sake ɗorawa. Yawanci dpkg, wato manhajar da ke ɗora sauran manhajoji, ne aka katse bai gama aikinsa ba.

Ku danna Ctrl+Alt+T don buɗe Terminal, wato wurin rubuta umarni, ku rubuta:

sudo dpkg --configure -a

sannan:

sudo apt --fix-broken install

Na farkon zai ƙarasa saita abin da aka bari rabi da rabi, na biyun ya cike abin da ya ɓace. Ba ya cin data sosai, tunda abin da aka riga aka sauke yana nan a /var/cache/apt/archives.

In allon ya tsaya baƙi ƙirin, Ctrl+Alt+F3 zai ba ku wurin shiga da suna da kalmar sirri, sai ku rubuta umarni biyun nan a can.

In kuwa apt, wato manhajar da ke sauko da sabuntawa, ya ce a kulle yake, ku ɗan yi haƙuri, sau da yawa wata sabuntawar ce ke gudana da kanta. Goge fayil ɗin kullen, wato wanda ke hana sabuntawa biyu gudana tare, a lokacin, a ganina, ganganci ne.