In bugun zuciya ya kama wani a ƙauye, ga abin yi

Jama'a jinin roban nan da ake magana ko zai taimaki mai bugun zuciya, wato ruwan da aka haɗa don ya ɗauki oksijin a madadin jini, gwajinsa kan bugun zuciya yawanci a dabbobi ne, ƙwayoyinsa sun fi na jini ƙanƙanta shi ya sa suke ratsa jijiyar da ta kusa toshewa su kai wa zuciya oksijin. Amurka ta amince da wani irinsa mai suna Fluosol a 1989 aka janye shi 1994, mu dai babu shi a asibitinmu. To in Baba ya dafe ƙirji zufa na karyo masa ciwon na sauka hannun hagu, a zaunar da shi ya jingina, ya tauna asfirin miligiram 300 in ba ya da gyambon ciki kuma maganin ba ya ɓata masa jiki, don Allah kar a tsaya jiƙo, a nemo mota maza sai babban asibitin Dutse ko na Malam Aminu Kano.