Yadda Ake Kare Akwatin Tattabaru Daga Ruwa da Rana

A yi wannan aiki a watan Maris ko Afrilu, lokacin da katako ya bushe sarai, kafin ruwan farko ya sauka. A fara da rufi, domin ta nan ɓarna take shigowa. A ɗora shi da gangara, ya zarce bangon akwatin da kamar inci 3, kuma idan kwano ne, a shimfiɗa falanki a ƙarƙashinsa, saboda kwano tsirara yana gasa ƴan shila da tsakar rana.

A ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa, don haka ƙofa ta kalli yamma. A huda ƙananan ramuka 4 a gindin akwatin don ruwa ya tsiyaye, da wasu a ƙarƙashin rufi don iska.

Fenti mai haske ya isa, kuma a waje kaɗai, tunda tsuntsaye suna tsattsagar abin da ke ciki. Wasu kafintoci suna shafa baƙin mai don korar gara, amma warinsa yana cutar da tattabaru. Ya fi kyau a ɗora akwatin kan sandar ƙarfe. Sai warin fenti ya gushe a mayar da tattabarun cikin akwatin.